Wace jitar bes ce za ta raka ka dandamali?

Mai kiɗa a ɗaki yana da lokacin zama ya yi ta murɗe-murɗe har ya samo muryar da ransa yake so. Mai fita wasa kuwa, ana gama jona wayoyi mai ganga zai ƙirga, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Da na biyun nake magana, wanda zai rataya jita awa uku a kafaɗa, ya kaɗa waƙoƙin mutane daban-daban, gobe kuma a sake kiransa. Tun yanzu in faɗa maka inda na karkata: jitar bes (mai kaurin murya) da ake kira Precision, wadda makaɗa suke yi wa laƙabi da P.

Leo Fender ne ya fito da ita a 1951, aka sake mata fasali a 1957, kuma daga wannan shekara zuwa yau kusan ba abin da ya canja a cikinta. Fikof ɗinta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi sauti, guda ɗaya ne da aka raba biyu: rabi a ƙarƙashin tsirkiyar E da A, rabi a ƙarƙashin D da G. An naɗa wayar kowane rabi saɓanin ɗan'uwansa, shi ya sa suke kashe wannan zuuu ɗin da wutar lantarki ke jefawa cikin amfilifaya. Duk wanda ya taɓa wasa a zauren da wayoyinsa suka tsufa, ko kusa da manyan fitilu, ya san darajar wannan. Abin murɗawa biyu ne kacal, ɗaya na ƙarfin sauti, ɗaya na rage kaifi. Ba batir. In ka buɗe cikinta, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba, duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai gyara maka ita kana tsaye.

A kanti ne mutane suke raina ta. In ka kaɗa ta ita kaɗai, muryarta a dushe take, ba wani ƙyalli, sai ka ji ta kusa da ita ta fi ta zaƙi. Ka bari sai ganga da kibod da jita sun shigo. A nan za ka ji ta zauna daram a tsakanin bugun ƙafar mai ganga da hannun hagun mai kibod, kowane sauti da ka taɓa yana fita da gefensa. Masu kula da sauti suna son ta saboda ba ta ba su aiki. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan kamfanin waƙa na Motown a Detroit cikin shekarun 1960, ita ya riƙe, da tsirkiya mai santsi. Wannan yana da amfani ga mai koyon waƙa da kunne: tsofaffin waƙoƙi da yawa da za a ce ka haddace da irin muryar nan aka naɗe su, saboda haka in ka bi faifan, naka da nasu suna haɗuwa, ka yi saurin gane inda ka kauce.

Tana da aibunta. Wuyanta ya fi faɗi, milimita 41 zuwa 44 a can sama kusa da kai, mai ƙaramin hannu zai ji jiki a makonnin farko. Murya ɗaya gare ta, sai dai ka sarrafa ta da yatsunka: kusa da wuya ta yi taushi, kusa da ƙasa ta yi tauri. Ni wannan bai taɓa damuna ba.

Jazz Bass, ƙanwarta ta 1960, ita ce kaɗai nake yi wa kallon kishiya ta gaske. Wuyanta siriri ne, milimita 38, fikof biyu, muryoyi sun fi yawa, kuma masu dukan tsirkiya da babban yatsa sun fi jin daɗinta. Jaco Pastorius da ita ya yi suna. Sai dai shirunta yana nan ne muddin fikof biyun suna buɗe daidai wa daida. Kana rage ɗaya, zuuu ɗin nan zai leƙo. In hannunka ƙarami ne, ɗauke ta, ba ka yi asara ba.

StingRay ta Music Man, ta 1976, tana da kaifi da ƙarfi, amma da batir mai bolt 9 take aiki. Ibanez SR ba nauyi, wuya kamar ba ka riƙe komai ba, sai dai abin murɗawa ya yi mini yawa. Rickenbacker da Höfner na masu neman wata murya ce takamaimai, ba jitar da za ka je kowane wasa da ita ba ce.

Maganar batir ɗin nan ce ma'aunina na farko, kuma da dalili. Wata jita mai batir da na taɓa riƙewa, ba zan kama suna ba, ta fara shaƙewa muna tsakiyar waƙa. Sautin ya fara tsagewa, ya dinga ja da baya, mai waƙa yana waiwayowa yana hararata, murfin batirin kuma da noti huɗu aka ɗaure shi, ga sukudireba tana cikin jaka a bayan dandamali. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne irin waɗannan jitoci suna shan batir muddin waya tana soke a jikinsu, ko da amfilifaya a kashe take. In har sai mai batir kake so, nemi wadda take da makunnin da zai mayar da ita mara batir nan take, kamar Sire V7, kuma murfin batirinta ya zama mai buɗewa da farce.

Tsirkiya huɗu ko biyar? Ta biyar tana ƙara maka B ta ƙasa, wadda take sauka zuwa kusan Hz 31 (ma'aunin sauti, ƙaramar lamba ta fi kauri), alhali E tana tsayawa a 41. In mawaƙanka suna yawan sauya maki, wato matakin muryar waƙa, ko waƙoƙin zamani da aka haɗa da kibod kuke yi, za ta rage maka wahala sosai. Amma B mai araha sau da yawa lagwai take, ba ta fita. In kuɗinka bai kai na mai biyar ta kirki ba, mai huɗu ta kirki ta fi.

A jerin Fender akwai ƙirar Amurka daga Corona a Kalifoniya, akwai ƙirar Meziko daga Ensenada, sannan Squier, wadda ake yi a ƙasashe irin su Indonesiya da Sin. Ga mai fita wasa, ta Meziko ko Squier mai kyau da gwani ya saita mata wuya ta wadatar, kuma in ta bugu a bayan mota ba za ka kwana kana juyi ba. Yamaha BB ma tana da fikof irin na P, an ƙara mata na Jazz, ga ta da juriya.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Sauƙin ƙirar P shi ne ya sa ta fi kowace sauƙin kwaikwayo. Wuyanta da noti huɗu aka ɗaure shi a jiki, don haka kowa zai iya kwance wannan ya ɗaura wancan. Za a ɗauko jita mai arha, a kankare sunan da ke kanta, a manna tambarin Fender, a fesa fenti a kai. Wata kuma wuyan na gaske ne, jikin da kayan cikin na bogi. Kyan ɗan maciji ke nan. Duba lambar siriyal: ƙirar Meziko ta shekarun 1990 da MN take farawa, ta shekarun 2000 da MZ, ta bayan nan da MX, kuma kamfanin yana da shafin da ake duba lamba. Amma kada ka tsaya nan, domin macuci yana iya kwafo lambar jita ta gaske daga hoton intanet. Dubi ramin da ake sa alanki don saita wuya: a yawancin bes ƙirar Amurka ta zamani a gindin wuya yake, a yawancin ta Meziko kuwa a kai yake, an zagaye shi da baƙar roba. Ka ce a kwance maka wuyan ka ga hatimin da ke gindinsa da na cikin ramin jiki. Ka ce a ɗaga farantin gaba ka ga wayoyi. Mai kaya na gaske ba zai ƙi ba. Wanda ya fara cewa sauri yake yi, ko wani yana hanya da kuɗi a hannu, bar masa abinsa. Sayen ta hannu daga hoto kawai, ba tare da sharaɗin mayarwa ba, cinikin biri a sama ne.

Ko jitar ta gaske ce, wuya ne rayuwarta. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da ke tare jan tsirkiyoyi, kuma an sha sayar da jita bayan sandar ta kai maƙura ko notinta ya cinye. Mai sayarwa zai sassauta tsirkiya don kada a ga lanƙwasar. Saboda haka fara da ɗaure ta daidai, E, A, D, G. Danna tsirkiyar E a firet (ƙarafan da aka gitta a jikin wuya) na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka dubi tazarar da ta rage a wajen na bakwai ko na takwas: kamar kaurin katin takarda ya kamata, wajen milimita 0.3. In ta fi haka nesa ba kusa ba, a sa alanki a gabanka a juya kaɗan, ka ga ko yana kamawa. Sai ka ɗaga jitar ka hango wuyan daga kai zuwa ƙasa. Lanƙwasa tana gyaruwa, amma wuyan da ya murɗe gefe guda sai dai canji. Bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya ka saurari zizar ƙarfe. A tsirkiyar G, tsakanin firet na biyar da na bakwai, irin wannan ƙira tana yawan samun sauti ɗaya da ke mutuwa da wuri. Kaɗan ba laifi, amma in yana ɗaukewa nan take, nemi wata. Girgiza wayar a bakin ramin jonawa ka ji ko tana ƙaraf-ƙaraf. Rataya ta da maɗauri ka saki hannu biyu: in kan ya yi ƙasa, kafaɗarka ce za ta biya. Nauyin da ya wuce kilo 4 da rabi ma a awa ta uku ake jin sa.

Har tsirkiya ana yin jabunta. Kwalin zai yi kama, launin ƙwallayen gindi zai yi kama, amma cikin kwanaki ta yi tsatsa ko ta ƙi zama a saiti. D'Addario suna buga lamba a jikin ledar ciki wadda ake tantancewa a shafinsu, ka duba kafin ka yaga. Kuma ka ware wani abu daga kuɗin jitar don sabuwar tsirkiya da ladan mai saitawa, domin ko daga kwali aka ciro ta, da wuya ta zo maka a saite.