Dish na Rufi ko na Ɗauka?

Masu motoci masu ɗakin kwana sun yawaita tambayata wane dish na kallon talabijin za su saya, na kafawa a rufin mota ko na ɗauka.

Na rufi ya fi tsada, kuma sai an huda rufin an ja waya. Amma da ka danna maɓalli zai laluɓo tauraron ɗan'adam da kansa. Babbar matsalarsa bishiya: ka faka a inuwa hoto ya ɗauke, sai ka fito da motar gaba ɗaya cikin rana. Na ɗauka kuwa da araha, ka ja waya ka girke shi a fili, kana inuwa abinka. Sai dai kullum ɗauka da saukewa, ga fargabar ɓarawo.

Mai kwana nan gobe can, na rufi ne nasa. Mai yada zango na makonni, na ɗauka ya ishe shi.