Waƙa a Fili ko a Lulluɓe: Zaɓin Marubuci Mai Son Jinsinsa

Namijin da ke son namiji, in ya zauna rubuta waƙa don ya gano darajar kansa, hanya biyu ce gabansa.

A fili, zai ce "kai" ko "shi" ba ɓoye-ɓoye. Ya ɗauki lamari guda, misali ranar da ya fara faɗa wa wani gaskiyarsa, ya yi baiti 2 da amshi mai layi 4. Wannan ya fi wanke zuciya, domin kunya ba ta samun wurin laɓewa. Matsalarsa, waƙar kan rikiɗe ta koma jawabin kare kai. Maganinsa a ambaci abin da ido ya gani: ɗakin, rigar, shirun da ya biyo baya.

A lulluɓe kuwa, sai "ku", wanda ba ya nuna jinsi, da kwatance irin su ƙofa da dare. Ya fi tsaro, musamman a Najeriya, inda dokar hana auren jinsi ta 2014 ta haramta bayyana irin wannan soyayya. Amma lulluɓi in ya yi kauri, har marubucin ba ya gane kansa ciki.

A ganinmu, a fara da ta fili a littafin sirri, sannan a tace wadda za a rera.