Kabad mai madubi na banɗaki: wanda ake sayarwa a Adum ko na kafinta?

Kabad ɗin da ake samu a shagunan kayan banɗaki na Adum, unguwar kasuwanci a tsakiyar Kumasi, akwai mai faɗin santimita 60, ƙofa biyu, zurfi 12 zuwa 15. Idan teburin kwanon wanke hannu 60 ne ko 70, ya dace. A kan tebur mai 80 ma yana zama da kyau, tunda ya rage 10 dama 10 hagu. Abin da ba ya kyau shi ne kabad ya fi teburin faɗi: ido yana ganinsa kamar zai rinjaya, kafaɗa kuma tana bugun kusurwarsa. Don haka a auna saman teburin da tef kafin a bar gida, a kuma auna tsayin kan famfo.

Zurfin ne ya sa muke yaba shi. Mai alwala a kwano yana sunkuyawa sosai, kuma duk kabad ɗin da ya wuce santimita 15 goshi zai same shi. A bar aƙalla 15 tsakanin kan famfo da gindin kabad, tsakiyar madubin ta zo wajen 160 daga ƙasa. Ƙofa biyu masu 30-30 sun fi guda ɗaya mai 60, wadda sai mutum ya ja baya kafin ya buɗe ta.

Matsalar tana ga abin da aka yi jikin kabad ɗin da shi. Iri biyu ne a kasuwa, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Na roba, wato PVC, ba ruwansa da laima. Na garin katako da aka matse, MDF, yana shan danshin Kumasi, gindinsa ya kumbura, sukurun hinji su saki, ƙofa ta langaɓe. A juya kabad ɗin a duba gefen da ba a rufe ba: in ka ga launin ƙasa-ƙasa kamar kwali, ka bar shi. Hinjin da ke zuwa da masu araha yana tsatsa, gara a canza shi da na ƙarfen da ba ya tsatsa tun ranar kafawa.

Fulogin roban da ke cikin kwalin, waɗanda ake cusawa a bango su riƙe sukuru, ƙanana ne ga bulon siminti. A sayi na milimita 8 da sukuru mai santimita 6, a huda tayil a hankali ba tare da kunna bugun injin hudawa ba, kuma a kauce wa layin da ke saman famfo, don mai yiwuwa bututu ya bi ta nan. Kada a yarda a sassaƙe bulo mai inci 5 don a nutsa kabad, abin da zai rage na bangon kaɗan ne.

Tebur mai 45 ko 50 kuwa, wannan kabad ya yi masa girma. A kai awo wajen kafintocin Sokoban, unguwar masu aikin katako a Kumasi, su yi da filawud mai jure ruwa, a shafe gefuna da fenti. Magani kuma a ajiye shi a ɗaki, zafi da tururin wanka suna lalata ƙwayoyi. Kabad ɗin na buroshi, reza da man shafawa ne.