Kafin ka kashe kuɗi kan sa wa hotunan duniyar Mars launi

A watan Yulin 1965 kumbon Mariner 4 na Amurka ya gitta ta kusa da duniyar Mars ya fara turo hotuna. Sai dai abin da ke isowa cibiyar JPL ta hukumar binciken sararin samaniya NASA a Kalifoniya ba hoto ba ne, lambobi ne zalla, kwamfuta kuma tana jan ƙafa. Injiniyoyi suka ƙosa. Suka buga lambobin a kan siraran takardu, suka jera su a bango, aka sayo alli mai launi a shagon masu zane, aka ba kowane rukunin lambobi nasa launin. Haka aka fara ganin fuskar Mars daga kusa, da ja da rawaya da ruwan ƙasa, aikin hannu.

Mai sha'awar wannan aiki a yau ya fi su kayan aiki nesa ba kusa ba, amma tambayar tana nan: launin nan da za ka shafa, daga ina ka samo shi? Amsarta ce za ta nuna maka abin da za ka saya da abin da za ka bari a kasuwa.

Yawancin hotunan da suka fi kaifi baƙi da fari ne. Kumbon MRO, wanda ke zagaya Mars tun 2006, yana ɗauke da kyamarar CTX, mai ɗaukar fili mai faɗin kilomita 30, kowane ɗigon hoton yana wakiltar mita 6 a ƙasa, ba launi ko kaɗan. Da hotunanta kusan 110,000 masana a Caltech suka haɗa taswirar kusan duk duniyar a 2023. 'Yar uwarta HiRISE, wadda Jami'ar Arizona ke kula da ita, tana ganin abin da bai wuce girman tebur ba, ɗigonta kimanin santimita 30. Amma cikin idanunta 14, goma jan haske kawai suke gani, don haka launi yana fitowa ne a siririn zirin tsakiya, wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin hoton. Sauran duk toka-toka.

Hanya mafi araha ita ce shafe da ido: ka ɗora shimfiɗar launi a kan hoton, ka zaɓi ja-ja irin na marmara, ka rage nan ka ƙara can. Ba laifi ba ne, jan Mars da jan marmarar da muke zuba wa hanya asalinsu ɗaya, tsatsar ƙarfe. Matsalar ita ce Mars ba rini ɗaya aka yi mata ba. Inda iska ta share ƙura, yashin dutsen wuta ne mai duhu, ga wuraren laka masu haske, ga farar ƙanƙara. Mai shafe da ido yakan mayar da su duka kalar bulo.

Sai manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin DeOldify ko maɓallin sa launi na Photoshop. Waɗannan a kan hotunan duniyarmu aka horar da su, fuskoki da itatuwa da sararin sama. Ka ba su rami mai santsin ciki su cika maka shi da shuɗi kamar tafki, ka ba su gangare mai duhu su shuka masa ciyawa. Sun dace da hoton auren kakanni. A nan kuwa ko kwabo ban ga dalilin biya ba.

Hanyar da nake ganin ta cancanci wahala ita ce aron launi. Idon ɗan Adam ya fi kula da haske da inuwa a kan launi, saboda haka za ka iya ɗauko hoto mai launi wanda ba shi da kaifi, ka buɗe shi ya kai girman mai kaifin, ka ɗora a kai ka ce wa manhaja ta ɗauki launi daga na sama, haske daga na ƙasa. Ido ba zai gane ɗinkin ba. Wajen aro akwai zaɓi. Kyamarar HRSC ta kumbon Mars Express na Turai, wanda ya isa can a Disambar 2003, tana ɗaukar shuɗi da kore da ja da wani hasken da ido ba ya gani, kuma ta rufe fili mai yawa, ita ce abokiyar tafiyar CTX. Kyamarar CaSSIS ta Jami'ar Bern ta fi ta kaifi, ɗigonta wajen mita 4 da rabi, amma wuraren da ta ɗauka tsiraru ne, sai ka yi sa'a. Tsofaffin taswirorin kumbunan Viking na shekarun 1970 suna nan ga wanda bai sami komai ba, launinsu dai ya yi kauri, ya isa fili mai faɗi amma ba ya bin ƙananan duwatsu. Duk waɗannan kyauta ne.

A kula da abu biyu. MRO kullum da misalin ƙarfe uku na yamma agogon wurin yake wucewa, shi kuwa Mars Express lokacinsa yana sauyawa, don haka inuwar hotunan biyu ba lallai ta zo ɗaya ba, sai ka ga launi ya zubo a bakin rami. Na biyu, shuɗin tuddan yashi da ake yaɗawa daga HiRISE ba shuɗi ba ne. Hotunan da aka yi wa lamba IRB an sauya wa launukansu gurbi an kuma ja su don a bambance ma'adinai. Ko masu lamba RGB ma, shuɗinsu lissafo shi aka yi, domin kyamarar ba ta da matacin shuɗi zalla. Wanda ya ari wannan ya ce haka ido zai gani, ya ari rigar biki ya tafi gona.

To, manhaja. GIMP kyauta ce, kuma tun fitowar 2.10 a 2018 tana aiki da zurfin bit 16, wato matakan haske 65,536 maimakon 256. Wannan ba ado ba ne: fili mai laushin ƙura, idan ka ja haskensa a bit 8, sai ya yi layi-layi kamar tabarma. Tana da yanayin shimfiɗa na launi zalla, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Aibinta nauyin jiki idan fayil ya girma. Photoshop ta fi ta sauri da iya lanƙwasa hoto ya hau kan wani, amma haya ce, wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. Idan kana da ita don wani aikin, yi amfani da ita. Kama haya saboda Mars kaɗai, a'a. Photopea tana gudana a cikin burauza, ta isa gwaji da ƙaramin yanki. Krita ta masu zane ce, ta fi dacewa da mai shafe da hannu.

Abin da masu farawa ba sa sani shi ne rabin aikin ba a manhajar hoto ake yin sa ba. Daidaita hotuna biyu da aka ɗauka daga kusurwa daban da hannu aikin ɓata dare ne. QGIS, manhajar taswira ta kyauta, tana jera su da kanta idan an riga an ɗora su kan taswira. JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona tana nuna maka wace kyamara ce ta taɓa ɗaukar wurin da kake so, kafin ka ƙona data. ISIS ta hukumar USGS ita ce ta ƙwararru, tana gyara ɗanyen hoto tun daga tushe, amma umarni ake rubuta mata, a Linux ko Mac take zama, kuma tana buƙatar sauke bayanai masu nauyi. Bar ta sai shekara ta biyu.

Inda kuɗi ke da amfani shi ne ƙarfen, wato ita kanta kwamfutar. Cikakken hoton HiRISE yakan kai ɗigo 20,000 a faɗi. Ka ce tsawonsa 40,000 ne: ɗigo miliyan 800 ke nan, a launi uku da bit 16 shimfiɗa ɗaya ta kusa gigabait 5, kuma aƙalla biyu kake bukata. Ba laftof ɗin da za ta yi maka wannan da daɗin rai. Dabara ita ce ka yanko abin da kake so da HiView, manhajar buɗe hotunan HiRISE, ko ka fara da CTX mai faɗin ɗigo 5,000. Da ram (ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) gigabait 8 za ka yi aiki kana haƙuri, da 16 za ka sake. In na hannu za ka saya, tambayi ko ana iya ƙara ram, domin wasu an like shi a jikin injin. Katin hoto mai tsada na masu wasan gem ba shi ne damuwarka ba. Batir mai rai ya fi shi, ga duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa ana tsakiyar adana fayil.

Sikirin kuwa kada ka yi masa rowa. Laftof masu araha da yawa suna zuwa da wanda aka rubuta wa kashi 45 na NTSC (wani ma'aunin yawan launi), wanda bai wuce kashi biyu cikin uku na launukan sRGB, ma'aunin da aka saba da shi a intanet, ba, kuma ja ne ya fi shan wahala a kansa, yana komawa ruwan lemo. Kai kana ƙara ja don ya fito, mai kallo a waya yana ganin Mars kamar an zuba mata manja. Nemi sikirin nau'in IPS mai kusan cikakken sRGB, ka kashe yanayin hasken dare kafin ka fara. Allon zane irin na Wacom ko Huion sai mai shafe da hannu.

Hotunan NASA ana amfani da su kyauta tare da ambaton masu su, na HRSC kuma lasisinsu ya ce ka ambace su, ka saki naka a kan sharaɗi iri ɗaya. Ka ƙara layi guda da ke faɗin inda launin ya fito.

Wurin gwajin farko, ramin Jezero. Kyamarori da dama sun ɗauke shi saboda motar Perseverance da ta sauka can ranar 18 ga Fabrairun 2021, kuma wasu daga cikin hotunan da take turowa daga ƙasa suna ɗauke da faifan gwajin launi da ke jikinta. Idan ka gama, buɗe naka a gefe ɗaya, nata a ɗaya gefen, ka duba yashin.