Mombasa ko Darussalam: wanne ya fi ga mai son ganin teku?

Ɗan'uwa, ka ce mako ɗaya gare ka, kana son ka ga teku da tashar jiragen ruwa wadda Allah Ya tsaga da kansa, ba wadda aka haƙa ba, kuma ka rasa zaɓi tsakanin Mombasa a Kenya da Darussalam a Tanzaniya. Ni dai Mombasa zan ce maka, amma bari ka ji dalili.

Mombasa tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta ya ba ta mashigi biyu. Ta ɗaya gefen akwai Kilindini, inda manyan jiragen kaya ke tsayawa, sunan ma a Swahilanci yana nufin wuri mai zurfi. Kayan Yuganda da Sudan ta Kudu nan ake sauke yawancinsu. Ba za a bar ka ka shiga cikin tashar ba, amma ka je bakin ruwan Mama Ngina da la'asar, ka sayi soyayyen rogo da barkono, ka zauna. Jirgi kamar unguwa guda zai zo ya wuce ta gabanka a hankali. Kusa da nan jirgin fito na Likoni yake, mai tafiya da ƙafa ba ya biyan ko sisi, sai dai cunkoson safe da na yamma ba wasa ba ne, ka tsare aljihunka.

Ɗaya gefen shi ne tsohuwar tasha, kuma ita ce ta sa na fifita garin. A bakinta ganuwar Fort Jesus take, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593 don su tsare mashigin. Larabawan Oman sun yi mata ƙawanya kusan shekara uku kafin ta faɗa hannunsu a 1698, daga baya Turawan Ingila suka mayar da ita kurkuku, a 2011 kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. In ka hau katangarta ka leƙa ruwan, ba ka buƙatar mai yi maka bayanin dalilin da ya sa aka yi ta zubar da jini a kan wannan ɗan wuri. Daga nan da ƙafa za ka shiga tsohon gari: lunguna matsattsu, ƙofofin katako masu sassaƙa, ƙamshin gahawa, da masallacin Mandhry da ake danganta gininsa da 1570. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano zai ji kamar ya taɓa zuwa.

Darussalam yarinya ce idan aka haɗa ta da Mombasa. Sarkin Zanzibar Majid bin Sa'id ne ya kafa ta a shekarun 1860, saboda wannan mashigi nata mai ƙunci a baki da faɗi a ciki. Abin da ta fi Mombasa da shi, a ganina, kasuwar kifi ta Kivukoni ce. Ka je bayan sallar asuba lokacin da masunta ke sauke kamu ana gwanjo, jirage kuma na shiga ta dab da kasuwar. Akwai kasuwar Kariyako ga mai sha'awar ciniki, da mutum-mutumin Askari na tunawa da sojojin Afirka na yaƙin duniya na farko. Sojojin Najeriya ma a wannan tashar suka sauka a ƙarshen 1916, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu. Amma garin babba ne, ga cunkoson motoci, abubuwan kallon a warwatse suke.

Inda Darussalam ke iya ƙwace zaɓin shi ne Zanzibar. Jirgin ruwa mai gudu yana kai ka cikin kimanin awa biyu. In har Zanzibar na ranka, to ka sauka Darussalam, ka kwana ɗaya ko biyu, ka haye.

Abinci kuwa kusan ɗaya ne: shinkafar pilau, biriyani, kifi da ruwan kwakwa, kuma samun halal ko masallaci ba wahala a duka biyun. Ka kauce wa Afrilu da Mayu saboda ruwan sama mai yawa; daga Yuli zuwa Satumba zafin ya fi sauƙi. In jirginka a Nairobi zai sauka, ka hau jirgin ƙasa na Madaraka Express da aka buɗe a 2017, awa biyar zuwa shida ka isa Mombasa, ka nemi kujerar taga don yana ratsa dajin Tsavo, ana yawan hango giwaye.