AirSense 10 da tiyonta mai ɗumi: yaya take da toshewar hanci a hunturun Kumasi?

Wanda likita ya ɗora a kan na'urar CPAP, mai hura iska ta takunkumin fuska, saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, ƙorafinsa na farko da wuya ya wuce hanci. Zai kwanta lafiya lau, wajen ƙarfe biyu ko uku na dare hanci ya toshe kamar an cusa auduga, ya fizge takunkumin ya ajiye gefe, minshari ya dawo sabo fil. A Kumasi abin ya fi ƙamari daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ke sauko da ƙura daga arewa, kowa a Aboabo da Asawase na yawo da busasshen leɓe. Wannan sharhi a kan na'urar ResMed AirSense 10 ne, haɗe da tankin ruwanta HumidAir da tiyon ClimateLineAir, kuma ta fuskar hanci kaɗai muka auna ta.

Aikin hanci shi ne ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Na'urar tana turo iska da matsi tsakanin 4 da 20 a ma'aunin santimitan ruwa, dare guda cur. In iskar busasshiya ce, fatar cikin hanci takan bushe, jini ya taru a jijiyoyinta, ta kumbura, hanya ta ƙuntace. Daga nan mai barci ya buɗe baki, iska ta riƙa shiga ta hanci tana ficewa ta baki ba ta dawowa da laimar numfashi, bushewa ta ninka, kumburi ya ƙaru. Wannan zagayen ne tankin ruwa ya zo ya katse, kuma gaskiya yana katse shi.

Tankin yana zama a kan farantin da ke ɗumama ruwa, yana ɗaukar mililita 380 in an cika shi zuwa layin sama. Laima tana da mataki 1 zuwa 8. Tiyon ClimateLineAir kuwa yana da waya mai zafi a jikinsa da ma'aunin zafi a bakin da ke haɗuwa da takunkumi, ana saita shi daga digiri 16 zuwa 30. In ka bar zaɓin Climate Control, mai kula da zafi da laima, a kan Auto, na'urar za ta riƙe tiyo a digiri 27, ta kuma daidaita laima da kanta. Ga yawancin mutane a damina wannan ya wadatar, har yakan yi yawa, domin iskar Kumasi a watan Yuni jiƙaƙƙiya ce tun daga waje. Wanda ya ji kamar yana shaƙar tururin tukunya sai ya koma Manual ya sauke laima zuwa 2 ko 3.

Hunturu ne ke nuna darajar kuɗin. A mayar da na'urar Manual, a fara laima daga 4, a ƙara mataki ɗaya, a kwana biyu ko uku a kai kafin a sake taɓawa. Masu tsalle daga 4 zuwa 8 a dare guda su ne ke farkawa da ruwa a fuska. Dalili kuwa, iska mai laima in ta bi ta tiyo mai sanyi sai ta zama raɓa, ta taru a inda tiyon ya lanƙwasa, ka ji yana ƙwal-ƙwal kamar ana kurkure baki, can kuma ɗigo ya sauka a hanci. Da tiyo na gama-gari, maganin raɓa shi ne rage laima, wato komawa gidan jiya. Da mai ɗumi, sai ka ɗaga zafinsa zuwa 28 ko 29 ka bar laimarka inda take. Mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki, ko wanda fankar sama ke kaɗa wa tiyo kai tsaye, kada ma ya yi tunanin sayen na'urar ba tare da shi ba. A kuma ajiye ta ƙasa da tsayin kai, don raɓar da ta taru ta gangara baya. Akwai zaɓin Run Warmup da ke ɗumama ruwa kafin a kwanta, mutane da yawa ba su ma san yana nan ba.

Aibin na'urar na farko matatar iska. 'Yar ƙaramar farar auduga ce a bayan wata ƙofa a gefen na'urar. Kamfanin ya ce a canza ta aƙalla duk wata shida, amma wannan lissafin ƙasar da ba ta san jar ƙura ba ne. A gidan da ke bakin titi, cikin Janairu, a duba ta duk mako, da zarar ta koma ruwan ƙasa a jefar. Ba a wanke ta. Akwai nau'i mai ƙananan ƙofofi na masu borin jini, shi ya fi dacewa da hunturu, sai dai ya fi saurin toshewa. Duk mai shigo da na'urar daga waje ya haɗo da matata da yawa tun farko, don neman ta ɗai-ɗai a gari ɓata lokaci ne. Kuma duk abin da ke cikin iskar ɗaki na'urar za ta zuƙo ta kai maka har hanci: hayaƙin maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, feshin maganin ƙwari. A yi turare da wuri, a buɗe taga, a kwana cikin gidan sauro.

Na biyu, tankin bai da girma. A mataki 6 ko 7, in baki na zubar da iska, ruwan kan ƙare kafin asuba, sauran daren busasshiyar iska ce mai ɗumi. In ka tarar da tanki ƙaf da safe, duba Sleep Report, rahoton barci da ke allon na'urar. Jar fuska a wajen Mask Seal tana nufin iska na tsiyaya fiye da kima, kuma sama da lita 24 a minti ɗaya shi ne iyakar da kamfanin ya sa. Na uku, farantin zafi da tiyon su ne ke cinye mafi yawan wuta. A daren dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, wanda ke kan batir zai ga ya ƙare da wuri, gara ya kashe zafin ya bar ruwan sanyi a tanki, iska za ta ɗan ɗebi laima tana wucewa.

Batun ruwa: wanda aka tace ta hanyar tururi shi ne daidai, a tambaya a kemis. Ruwan leda da na gora suna da ma'adinai, suna barin farin gishiri-gishiri a gindin tanki. Ba za su kashe kowa ba in an matsu, sai dai a riƙa jiƙa tankin da ruwan khal (vinegar) kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a ɗauraye sosai. Ruwan batirin mota da ake sayarwa a Suame Magazine ba don huhun ɗan Adam aka ɗura shi ba, a bar wa makanikai kayansu. A zubar da ragowar ruwa kowace safiya, a bar tanki a buɗe ya bushe, a wanke shi da tiyo duk mako da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi. Kada a sa Robb, Aboniki ko man na'ana'a a cikin ruwan. Suna ba da jin cewa hanci ya buɗe alhali kumburin na nan, suna kuma lalata roba. Baselin a cikin hanci ma haka, yana cin silikon ɗin takunkumi, kuma maiƙo ba abin shaƙa ba ne.

Akwai toshewar da na'urar ba ta da ikon komai a kanta: mura, borin jini, karkacewar ƙashin tsakiyar hanci, ko tsiro a ciki. Taimako mafi arha shi ne wanke hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa minti 3 zuwa 5, a bar shi ya huce, a auni mililita 240, a zuba rabin cokalin shayi na gishiri. A sunkuya, baki a buɗe, a matsa gorar ruwan a hankali ta ƙofar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar. Wanda ya saba shaƙa ruwa a alwala ba zai sha wahalar koyo ba. A yi shi awa ɗaya kafin kwanciya, don ragowar ruwa kan ci gaba da zubowa. Feshin buɗe hanci irin Otrivin yana aiki cikin mintuna, shi ya sa ake kamuwa da shi, amma in an wuce mako guda hanci kan dawo ya toshe fiye da da, har mutum ya kasa barci sai da shi. Feshin rage kumburi irin Avamys ko Nasonex sai an yi kwanaki ana amfani da shi kullum kafin a ga canji, kuma ana karkata bakinsa wajen kunne don kada tsakiyar hanci ya yi jini. Mai hawan jini, kuma da yawa cikin masu wannan larura suna da shi, ya nisanci ƙwayoyin mura masu buɗe hanci sai ya tambayi likita.

Takunkumin AirFit P10 mai shiga ƙofar hanci ya fi sauƙi a fuska, amma ranar mura ba ya tsinana komai. Yana da kyau a ajiye AirFit F20 mai rufe baki da hanci saboda irin waɗannan darare, a kuma tuna canza zaɓin Mask zuwa Full Face, in ba haka ba lissafin tsiyayar iska zai rikice. Mai gemu sosai zai yi fama da F20, gara ya gwada maɗaurin haɓa da takunkumin hanci.

Na'urar ta cancanci saye, muddin da tiyonta mai ɗumi. Wanda zai sayi ta hannu ya sake tanki, tiyo da takunkumi sababbi, ya kuma kai ta likita ya saita masa matsin iska, don na mai ita na baya ba nasa ba ne. In aka miƙo maka tsohuwar Philips DreamStation a farashi mai daɗi, ka tuna an janye ta a watan Yunin 2021 saboda soson rage ƙara da ke ruɓewa, kuma zafi da laima suna hanzarta hakan. In an gyara laima da matata, an yi mako uku ko huɗu ana wanke hanci amma ƙofa ɗaya na nan a toshe, ko ana ganin jini, a tafi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye, a riƙe katin SD na na'urar a aljihu don likita ya ga bayanan dararen da suka gabata.