Ƙaramin keken ɗinki mai batir: yadda ya yi da rigar filon kujera

Ƙananan kekunan ɗinkin roba da ake shigowa da su daga ƙasar Sin sun yawaita a shagunan kayan lantarki da kuma hannun masu talla a intanet, kuma ko da yake sunayen da ake liƙa musu sun bambanta, ƙirarsu kusan ɗaya ce. Irin wanda na saya yana aiki da ƙananan batura 4 ko da adafta mai bolt 6, yana da gudu iri biyu, da 'yar fitila a kusa da allura, da abin takawa da ƙafa. Na auna shi da rigar filon kujera, saboda aiki ne da duk ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, kuma shi ne irin abin da mai sayen wannan keke zai fara tunanin yi a gida.

Filon da na yi wa riga inci 18 ne ta kowane gefe, kuma na zaɓi salon da ba ya buƙatar zif, wato wanda bayansa ke da baki biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya, ta nan ake cusa filon. Atamfa ta dace da wannan salo ƙwarai, domin faɗinta yakan kai wajen inci 45, saboda haka idan aka yanki tsiri mai inci 19 daga wannan baki zuwa wancan, ya isa gaba da baya, har a sami kusan inci 7 na hawa bayan an kalmashe bakunan biyu. Ragowar da tela ke dawo da ita bayan ɗinkin salla takan wadatar. Abin da ya rage wa keken shi ne kalmasa biyu da dogon ɗinki biyu kawai.

A kan atamfar da aka wanke aka goge, ninki biyu ko uku, keken ya ba ni mamaki. Ɗinkin ya fito daidai, yana haɗa zaren sama da na ƙasa kamar babban keke, don haka ba ya warwarewa idan aka ja bakin zare. Sai dai a san cewa kafin a kai ga haka sai an yi haƙurin murɗa ma'aunin zaren sama a kan ƙyalle, domin idan ya yi sako-sako zare yakan cukurkuɗe a ƙarƙashin yadin.

Matsalarsa ta bayyana ne a daidai wurin da rigar filo ta fi buƙatar ƙarfi. Inda dogon ɗinki ya ratsa kalmasa, yadin yakan zama ninki biyar, kuma a nan injin ya riƙa gurnani yana tsallake ɗinki, har sai da na kashe shi na juya ƙafar gefe mai motsa allura da hannu, allura bayan allura. Abin da ya fi wannan damuna shi ne rashin ɗinkin komawa da baya. Bakin da ake cusa filo shi ne ke shan ja duk lokacin da aka cire rigar domin wanki, kuma tela a nan yake komawa baya ya ƙarfafa ɗinki. Da wannan keke dole a bar allura a cikin yadi, a ɗaga ƙafar da ke danne shi, a juya aikin gaba ɗaya a sake bi ta kai, alhali sararin da ke tsakanin allura da jikin keken bai fi a tura tafin hannu ba. Ana iya yi, amma aikin minti ɗaya yakan zama na biyar.

Rashin nauyinsa ma yana da nasa cikas, domin yana zamewa a kan tebur idan yadin ya rinjaye shi, sai an shimfiɗa tawul a ƙarƙashinsa. Batir yana da rana idan an ɗauke wuta, amma da zarar ya fara sanyi ƙarfin huda yadi yakan ragu, don haka adafta ta fi. Karan-miski da yadin labule mai kauri kuwa sun fi ƙarfinsa, kuma bai zo da siririyar ƙafar da ake sa zif da ita ba.

A ganina, wadda take son canza wa falonta fuska da ragowar atamfa, ko mai son ɗiyarsa ta koyi riƙe yadi a gaban allura, ba za su yi asarar kuɗinsu ba. Mai niyyar ɗinka filulluka na sayarwa ko na kayan ɗakin amarya gara ya ƙara tari ya sayi baƙin keke mai ƙafa, ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, wanda kowane mai gyara a kasuwa ya san cikinsa kuma yana da kayan gyaransa. Duk wanda zai sayi ƙaramin keken a shago ya tafi da ƙyallen atamfa, ya ninka shi biyar, ya nemi mai shagon ya ɗinka a gabansa kafin ya biya.